Birkin Mai Agogo Ya Daina Latti

Duk wanda ya ce wa Mai Agogo birkin motarsa ya lalace, to ya jawo wa kansa dogon bayani. Mutumin nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa da ɗan gilashi manne a ido ɗaya, yana leƙen cikin agogunan mutane a shagonsa, saboda haka a wurinsa babu abin da ke lalacewa a duniya. Abu dai ko yana sauri, ko yana latti.

"Birkina lafiyarsa ƙalau," haka yake cewa. "Latti kawai yake yi. Abin da ke latti kuwa, ai sai ka riga shi farawa."

Haka kuwa yake yi. Gidansa yana can ƙarshen layi, inda gangara ta ƙare. Da zarar ya kawo daidai kemis a saman layin, ƙafarsa ta dama sai ta kama aikinta: taka, saki, taka, saki, kamar mai ɗinki da keken ƙafa. Motar kuwa sai ta yi kamar ba da ita ake ba. Wajen shagon mai aski take fara tunani. Wajen tela ta ɗan rage gudu don kunya. Wajen mai walda ta kusa yarda. Abin da ya rage kuma katifa ce ke ƙarasa shi.

Matarsa ce ta ɗaure katifar a jikin katangar gidan, tun shekarar da ta gaji da ganin magina a ƙofarta. Tsohuwar katifar soso ce, an ɗaure ta da igiyar shanya, rana ta cinye launinta, tsakiyarta ya lotsa daidai siffar hancin motar. Shi ya sa babu mai kiran motar da sunan kamfaninta a layin, Sai-Katifa ake ce mata. But ɗinta na baya kuma cike yake da agogunan bango waɗanda masu su suka kawo gyara suka manta da su, don haka duk sanda ta daki katifar sai su kaɗa gaba ɗaya, kowanne da muryarsa. Da wannan ƙarar ce matar take sanin maigida ya dawo, ta ɗora ruwan shayi.

Layin ma ya saba. Mai aski na jin tarin motar daga sama zai tayar da wanda yake yi wa aski, ya ɗage benci ya shige da shi ciki. Tela ya rungumo mutum-mutumin da yake rataya wa riguna. Kajin layin ma ba sa bukatar a kore su. Babu wanda ya taɓa yin ƙorafi, don mutumin kirki ne, kuma shi ke sa wa kowa batir a agogo.

Mutum ɗaya ce ta gaji, ita ce 'yarsa tilo, wadda yake kira Uwata. Tana da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe, kuma tun ranar da aka gaya masa zai yi jika babu abin da ke ransa sai abu guda: shi zai ɗauko su daga asibiti, a motarsa, da hannunsa. Har kujerar baya ya wanke da sabulu ya shanya ta a rana.

Ran nan ya ɗauko ta daga awo, an ɗan yi yayyafi, layin ya yi santsi. Ƙafar ta fara aikinta a kemis kamar kullum, amma Sai-Katifa ta wuce mai aski ko tunanin ba ta fara ba. Ta wuce tela da gudunta. Mai walda ya yar da abin kare fuskarsa ya haye tebur. Da ta isa katifa kuwa, agogunan but suka kaɗa irin kaɗawar da sai da maƙwabta suka leƙo.

Uwata ta fito a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a kan cikin. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, wannan ne ma ya tsorata shi, don ya san halin uwarta ta ɗauko.

"Baba."

"Na'am, Uwata."

"In Allah ya sauke ni lafiya, tasi za mu ɗauka daga asibiti."

Ya yi dariya. Da ya ga shi kaɗai ke yi, sai ya haɗiye sauran.

"Tasi? A cikin motar nan fa na ɗauko ki daga asibitin nan, kina naɗe a tawul, ba ki fi burodi ba."

"Lokacin tana da birki," in ji matarsa daga bakin ƙofa.

"Ni na saba, Baba," in ji Uwata. "A cikinta na girma, na san inda ake dafewa. Wanda ke tafe bai san katifa ba. Ka gyara birki, ka ɗauke mu. In ba ka gyara ba, ka biyo tasinmu a baya." Ta dubi katifar. "A'a. Kada ka biyo mu a baya. Ka wuce gaba."

Maganar ta soke shi ƙwarai. Abin da ya ƙara masa zafi, ya san wanda zai kira tasin: mijinta, direban motar wani kamfanin ƙwai, mutum mai sanyin hali wanda Mai Agogo ke kira Mai Ƙwai. Ya taɓa ganin tuƙinsa sau ɗaya, ya ce wannan ba tuƙi ba ne, lallashi ne.

Washegari da safe ya nufi garejin da ke bayan gidan mai. Matarsa ta ɗauki jakarta ta biyo shi, ta ce tana so ta tabbatar gareji ya je, ba shagon mai katifa ba. Tun a hanya ya riga ya yanke wa kansa cewa bakaniken zai ce ya sayar da motar, ko ya kira masa abin da sai an sayar da shagon agogo.

Bakaniken, wani kakkauran mutum mai rigar da ba a san asalin launinta ba, ya shiga ya taka birki. Ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba ta gamu da kowa ba. Ya sake takawa. Ya leƙo ta taga.

"Baba, da me kake tsayawa?"

"Da lissafi."

"Da katifa," in ji matar.

Ya ɗaga motar da jak, ya cire taya, ya zaro fad, wato ɗan falen da ke damƙe faifan ƙarfen cikin taya in an taka birki. Ya ɗaga shi ga haske. Ya siɗe har ya kusa zama reza.

"Kwantar da hankalinka, Baba, ba sai ka sayar da komai ba. Faifan da sauransa. Fad za mu canza, mu sa mai kyau, ba na bakin titi ba. Man birkin nan mu zubar, dubi yadda ya yi baƙi. In ya tsufa ruwa yake sha, ya daina tura komai. Tiyon nan ya kumbura, in ka taka shi yake buɗewa maimakon ya aika saƙo. Sai tayoyi. Birki taya yake kamawa, taya ce ke kama ƙasa, naka kuwa sun yi sanƙo kamar..." Ya dubi kan Mai Agogo, wanda ya cire hula yana fifita da ita. Ya fasa. "Sun dai yi sanƙo."

"Shi ke nan?"

"Saura wanda ba a biya. Me ke cikin but? Bayan motar har ya zauna."

Aka buɗe but. Aka fara fito da agogunan bango, manya da ƙanana, masu lilo da marasa lilo, babu biyun da suka yarda da juna a kan lokaci. Ƙarƙashinsu akwai tsohon batirin mota, da buhun siminti da ya daskare ya zama dutse. Ƙarƙashin simintin kuma keken ɗinkin matarsa ne, wanda ya ɗauka zai kai wa tela gyara tun Uwata na firamare.

Matar ta dubi keken, ta dubi mijinta.

"Ka ce mini ɓarayi ne."

"Ce miki na yi wataƙila."

"Har ƙanwata na daina yi wa magana a kan keken nan."

Bakaniken ya ga abin zai yi nisa, sai ya koma ƙarƙashin mota da sauri. Kafin rana ta take ya gama ɗaure komai, bayan Sai-Katifa ya ɗaga sama kamar an sauke mata laifi.

"Saura cire iska," in ji shi. "In iska ta shiga tiyo, birki laushi yake yi. Aikin mutum biyu ne. Ni ina ƙasa wajen taya da sufana, kai kana sama. In na ce taka, ka tattaka. In na ce riƙe, ka danne ka riƙe, kada ka ɗaga sai na ce saki. In ka ɗaga alhali notin na buɗe, iskar da muka kora dawowa za ta yi."

"Ni da nake ɗaure notin da bai kai ƙwayar yashi ba?" in ji Mai Agogo. Ya shiga ya zauna.

"Taka!"

Ya tattaka. Wannan kam gwani ne.

"Riƙe!"

Ya riƙe, a zuciyarsa. Ƙafar kuwa ta ɗaga da kanta ta sake takawa.

"Baba, na ce riƙe."

"Ai na riƙe."

"Ina jin ta tana shan iska."

Aka sake. Aka kuma sakewa. Mai Agogo ya danne gwiwarsa da hannu biyu, ya cije baki, ya ce yanzu kam. Ƙafar ta zame daga cikin takalmi ta ɗaga abinta, ta bar takalmin a kan birki. Shekara da shekaru abu ɗaya aka koya mata, taka da saki, ba ta taɓa jin wani abu wai shi riƙe ba.

Bakaniken ya turo kai daga ƙarƙashin mota, mai na ɗiga a hancinsa.

"Mama, ko za ki taimaka?"

Tun da aka sayi motar nan ba ta taɓa zama a kujerar direba ba. Ta shiga, ta gyara zama, ta juyo da madubi ta gyara ɗankwalinta, sannan ta dubi gaba.

"Ashe daga nan ana ganin hanya sarai. To me ya sa kake faɗawa rami?"

"Ke dai ki taka."

"Ba kai ke ba da umarni ba, shi ne."

Aka ce taka, ta taka. Aka ce riƙe, ta riƙe kamar yadda take riƙe magana. Aka ce saki, sai da ta tambaya ko ya tabbata. Haka suka zagaye tayoyin duka, baƙin mai da kumfa suna fita, har sabo ya fara zuwa garau. Mai Agogo yana gefe da takalmi ɗaya a hannu, yana gaya wa agogunansa cewa ai aikin ba wuya.

"Baba, ka ji ni da kyau," in ji bakaniken da za su tafi. "Birkin nan yanzu tun daga sama yake kamawa. Taɓa shi za ka yi, ba taka shi ba. Sabon fad kuma lallaɓa shi ake yi kwana biyu kafin ya zauna."

"Na fara tuƙi ba a haife ka ba," in ji Mai Agogo. Suka bar agogunan jingine a bangon gareji, matar ta rungume keken ɗinkinta zuwa kujerar baya.

A hanya babu abin da ya faru, don shi dama ba ya taɓa birki a hanya. Giyar motar yake saukewa ya bar mota ta gaji don kanta, birki na gangara ne. Suka kawo saman layi. Ƙafar ta hango kemis.

Sai-Katifa ta tsaya cak.

Ƙirjinsa ya daki ham ɗin sitiyari, hularsa ta tafi gilashin gaba, jakar matar ta zazzage duk abin da ke cikinta a ƙasa, keken ɗinki ya tunkuyi bayan kujera. Inji ya mutu. Daga nan wurin ya yi tsit, ko agogo ɗaya babu da zai kaɗa.

Can ƙasa mai aski yana tsaye da benci a sama, wanda yake yi wa aski yana gefe da kumfa a rabin kai. Tela yana rungume da mutum-mutuminsa. Kowa yana jiran ta wuce. Ba ta wuce ba.

"Ta mutu!" in ji mai walda.

Nan da nan layin ya hauro, don mutanen kirki ne. Ba su taɓa ganin motar nan a tsaye ba tare da katifa ba, saboda haka babu wanda ya kawo wani dalili a ransa. Mai kemis ya fito, mai aski ya aje benci, mai rabin kai ma ya naɗe hannun riga. Suka jeru a bayanta.

"Sa ta a firi, Baba! Ku tura!"

Suka tura. A gangara ne fa, amma ko motsi ba ta yi ba, don tsoro ya sa ƙafar ta ƙage a kan birki, karo na farko a rayuwarta. Suka sake turawa har tela ya zame ya zauna.

"Baba, me ka ɗauko a but yau?"

Mai Agogo ya sauke gilashi, ya ɗauko hularsa ya kafa, ya gyara murya.

"Ba komai. Birki ne."

Suka dubi juna.

"Birkin wa?" in ji mai aski.

Daɗin da ya ji a lokacin ba ya misaltuwa. Ya yi musu bayanin fad, da tiyo, da yadda mai ke shan ruwa, kamar shi ya ƙirƙiro su. Sannan ya tayar da mota don ya nuna musu.

Nan fa aka gane cewa gyaran rabi aka yi. Ƙafar ta farfaɗo, ta koma aikinta. Taka, mota ta ƙame. Saki, ta zabura. Taka, ta ƙame. Kan matarsa yana ta gaba da baya kamar tana gaida kowane gida a layin. Sun tsaya a ƙofar mai aski, sun tsaya a ƙofar tela har ya fito da abin awo, sun tsaya a inda babu ƙofar kowa. Da ƙyar suka kai gida, can nesa da katifa. Matar ta fito tana dafe da wuya.

"Gara yadda take a da," in ji ta. "Da sau ɗaya ake buga mu."

Ita ce ta kawo dabarar kwano. Ta cika kwanon wanke-wanke da ruwa, ta zauna a gaba ta ɗora shi a cinya.

"Ranar da ka sauko da ni daga kemis zuwa ƙofar gida ruwan nan bai zube ba, ni da bakina zan gaya wa Uwata ta soke tasi."

Suka hau, suka sauko. Ta shiga gida ta canza zane. Suka sake hawa.

Babu dabarar da bai gwada ba. Ya cire takalmi ya tuƙa da ƙafa tsirara, wai don ta ji abin da take takawa. Ta ji, ta taka. Ya yi ta waƙa da ƙarfi don ya ɗauke mata hankali. Ya kawar da kai daga kemis, ya dubi ɗaya gefen, amma ƙafar ba da idonsa take gani ba. Ya roƙi mai kemis ya sauke allon shagonsa na yini ɗaya, mutumin ya sauke, ba ta canza komai ba. Ya yi wa ƙafar nasiha, ya zage ta, har marinta ya yi a gaban jama'a. Mai aski ya daina shigar da benci, sai ma ya fito da na biyu don masu kallo. Igiyar shanyar gidan ta cika da zannuwa.

Ana cikin haka waya ta yi ƙara, suna daidai ƙofar tela, matar na matse bakin zane. Mai Ƙwai ne. Uwata ta sauka lafiya, an sami mace, gobe da safe za a sallame su, kuma wajen uwarta take so ta fara zama har ta ji ƙarfi. Ya ƙara da cewa, cikin ladabi, ya yi magana da wani mai tasi, amma bai ba shi tabbaci ba tukuna.

"Ka sallame shi," in ji Mai Agogo. "An gyara birki."

Matarsa ta dube shi, ta dubi kwanon da babu ko ɗigo a ciki. Ranar a bas suka je ganin jaririya, ita ta zaɓa.

Da safe ya wanke Sai-Katifa har tayoyi, ya shimfiɗa sabon bargo a kujerar baya, ya sa rigarsa mafi kyau. Duk hanyar asibiti sauke giya ya yi masa rana. Amma a bakin get maigadi ya ɗaga hannu, dole a tsaya, ƙafar ta ce to ai ga aikina. Daga get zuwa barandar ɗakin haihuwa tafiyar ba ta da nisa, amma motar ta yi ta kamar mai shaƙuwa.

Uwata na zaune a barandar da jaririya a hannu, mijinta na tsaye da jakunkuna. Sun ga komai.

"Baba, an gyara?"

"An gyara. Tambayi uwarki."

"Birki kam ya gyaru," in ji matar tana gyara ɗankwalin da ya rufe mata ido. "Yanzu ko ba a tambaye shi ba tsayawa yake yi."

Iya nan ta tsaya. Ba ta ambaci kwano ba, ta bar masa sauran.

Ya matso ya leƙa cikin tawul. Jiya ta cikin gadon asibiti ya gan ta, yau ga ta a fili. 'Yar mitsitsiya ce, fuska a tamke kamar an tashe ta daga barci mai daɗi. Uwata ta ɗan gyara hannu, sai ya ga kan jaririyar ya langaɓe gefe, wuyan bai riƙe komai ba tukuna. Ya tuna ruwan kwano, yadda yake tashi ya daki gilashi. Ya sunkuya ya dubi ƙafarsa ta dama, tana nan cikin takalmi kamar ba ta taɓa yi wa kowa komai ba. Ransa ya ɓaci, idonsa ya cika, don ya san wannan agogon ba zai gyaru kafin su isa gida ba.

"Mai Ƙwai."

"Na'am, Baba."

"Zo nan."

Ya zaro makullin daga aljihu. Babu hannun da ya taɓa tuƙa motar nan sai nasa. Ya miƙa, surukin ya kama, amma sai da aka ɗan yi ja-in-ja kafin yatsunsa su yarda su saki.

"Ka ji ni da kyau," in ji shi. "Birkin nan taɓa shi ake yi, ba taka shi ba."

"To, Baba."

"Sabon fad ne. Lallaɓa shi ake yi."

"In Allah ya so, Baba."

Ya nufi kujerar gaba don ya sa ido, ya tarar matarsa ta riga shi, har ta ɗaura bel.

"Baba, zo baya," in ji Uwata. "Hannuna ya gaji."

Haka Mai Agogo ya zauna a bayan motarsa, wurin da bai taɓa zama ba. Aka shimfiɗa masa jaririyar a kan gwiwoyi, ya tallafe kan da tafin hannu, irin riƙon da yake yi wa agogon da bai san inda ake samun kayansa ba. Mai Ƙwai ya tayar da mota, ta tashi sumul, abin har ya ba shi haushi.

Ana fita get jaririyar ta tsage da kuka. Uwarta ta yi mata magana, ta ƙi. Kakarta ta juyo daga gaba ta tafa hannu, ta ƙi. Ubanta ya rage gudun da dama babu shi, ta ƙara murya. Mai Agogo ya ɗora mata agogon hannunsa kusa da kunne ko ƙarar za ta burge ta, ta nuna masa ba ta da lokacinsa. Haka aka ratsa gari, gumi na keto masa, yana jin kamar shi ya yi mata laifi.

Suka kawo saman layi. Shi bai ma lura ba, idonsa na kan jaririya. Ƙafar ce ta hango kemis.

Babu birki a kujerar baya, amma wannan bai dame ta ba. Ta fara aikinta a kan daɓen mota: taka, saki, taka, saki. Gwiwarsa tana ɗagawa tana sauka a hankali, jaririyar na bin ta. Wajen mai aski kukan ya fara tunani. Mai askin ya ɗaga benci rabi don sabo, sannan ya aje ya ɗaga hannu. Wajen tela kukan ya ragu. Wajen mai walda ta yi hamma, ta damƙe yatsansa.

Motar ta gangara ta tsaya a ƙofar gida, tsayuwar da babu wanda ya ji ta. Tsakaninta da katifa har akuya za ta iya wucewa. Mai Ƙwai ya ja birkin hannu, ya kashe inji.

Ƙafar ba ta ji an daki katifa ba, saboda haka a wurinta ba a iso ba tukuna. Ta ci gaba. Mai Agogo ya ji kunya, ya sa hannu zai danne gwiwar. Yana dannewa jaririyar ta yamutsa fuska, ta buɗe baki.

Uwata ta riƙe masa hannu da sauri.

"Kada ka tsaya, Baba," ta ce da raɗa.

Bai tsaya ba. Aka kwashe jakunkuna, aka shigar da Uwata ciki, maƙwabta suka zo suka leƙa ta taga suka koma a kan yatsun ƙafa. Can matarsa ta fito da kofin shayi, ta aje masa a kan rufin motar inda zai iya miƙa hannu, ta ce in ƙafar ta gaji ya kira ta.

"Wannan?" in ji shi a hankali, idonsa na kan jikarsa. "Ai ba ta gajiya."